Wa Zai Riƙe wa Agogo Gida

Inna Tela ta shekara arba'in da ɗaya tana taka keken ɗinki kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Abin da ta tara a duk shekarun nan ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya bi layin yana ganinsa: gida mai ɗaki uku da 'yar tsakar gida, sai shago ɗaya a gaba mai ƙofar ƙarfe yana kallon titi. A shagon ta yi sana'arta. Da ta ajiye aiki sai ta bai wa wani mai gyaran tabarau haya, kuɗin hayar kuma su ke ciyar da ita da ɗanta na tsakiya.

'Ya'yanta uku ne. Babbansu ma'aikacin gidan ruwa ne, kowa Yaya Babba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Auta tana aure a nesa, sai dai waya. Na tsakiyan shi ne Agogo. Wani zazzaɓi mai zafi ya kama shi yana ɗan shekara uku, ya bar shi da rai amma ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yanzu shekarunsa arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, bai iya karatu ba, bai san bambancin kuɗi babba da ƙarami ba. Amma ƙarfe bakwai daidai yake buɗe ƙofar gida, ƙarfe biyar daidai yake ba bishiyar gwaba ruwa, har maƙwabta suka riƙa duba lokaci da shi, sunan ya bi shi.

Agogo ba ya son a motsa masa komai. Shekarar da aka sake rufin gidan an kai shi wurin Auta mako biyu. Bai yi kuka ba, bai yi rigima ba, kawai ya daina magana ya daina ci, ya dawo wuyansa kamar mariƙin lema. Tun daga ranar Inna ta san gidan nan da ɗakin nan su ne lafiyarsa. Ta kuma san abin da zai biyo bayan mutuwarta in ta zuba ido: a sayar da gida a raba, a ba Agogo rabonsa a hannun da bai san kuɗi ba, a riƙa yawo da shi gida-gida kamar ƙunshin kayan aro.

Wata safiya ta ɗaure takardun gidan a cikin wani tsohon ƙyalle, ta hau matakala ashirin da biyu zuwa ofishin wani lauya da ke saman shagon sayar da littattafai. Lauyan dattijo ne mai sanƙo, fankarsa tana juyi tana ɗaga gefen takardu, ya danne kowane tuli da dutse. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya yi mata bayani a hankali. Ya ce akwai abin da ake kira amana. Tun tana raye da hankalinta za ta fitar da gidan daga sunanta, ta sa shi a hannun mai riƙon amana. Shi mai riƙon ba mai gida ba ne, ba shi da ikon sayarwa ko ci, aikinsa ya tsare gidan ya kula da hayar shagon domin Agogo muddin ransa. Ita ma za ta ci gaba da zama a ɗakinta. Bayan ran Agogo sai gidan ya koma ga 'yan'uwansa ko 'ya'yansu. Ya ce ta fara faɗa wa sauran 'ya'yan, don kada ta gyara wa ɗaya ta ɓata wa biyu.

Nan Inna ta ɗaga kai, ta ce ta riga ta faɗa musu, kuma babu wanda ya ja da ita. Auta har cewa ta yi me ya sa aka daɗe ba a yi ba. Ta faɗi wannan da irin muryar da take faɗin cewa ɗinkinta bai taɓa warwarewa a jikin mutum ba.

Da ya tambayi wanda zai riƙe amanar, ba ta ko yi tunani ba ta ce Yaya Babba. Lauya ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ɗan da ta haifa ne, ko allura bai taɓa ɗauka ba tasa ba. Lauya ya ce to madalla, ta dawo bayan mako biyu a sa hannu.

Cikin makon farko mai gyaran tabarau ya ba da sanarwar tashi, ya sami wuri kusa da asibiti. Labari ba ya kwana. Ranar Laraba da hantsi Inna tana tsakar gida tana sa wa rigar Agogo maɓalli sai ga Kawu, ƙanenta da suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shigo da tef ɗin awo a wuya kamar shi ne telan. Mutum ne mai fara'a da dogon buri, ya yi sana'a ta kai bakwai, kowacce ta rasu tana ƙarama. Ya gaishe ta, ya wuce ya fara auna bangon da ya raba shagon da ɗakin Agogo.

Ya ce ai sun gama magana da Yaya Babba, tunda an ce shi ne zai riƙe gidan. Zai zuba kayan gyaran babura a shagon, ba haya shekarar farko har kasuwa ta kama. Za a fasa ƙofa nan, ɗakin ya zama ma'ajiya, shi kuma Agogo ya koma ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, ai mutum ɗaya ne, ina ruwansa da faɗi.

Inna kuwa Agogo take kallo. Yana tsaye a bakin ƙofarsa, ya riƙe dogaran ƙofar da hannu biyu, idonsa a kan tef ɗin awon yana bin sa duk inda ya yi.

Yaya Babba ya zo da azahar da rigar aiki, ya zauna a bakin tabarma yana sosa ƙeya. Bai musa ba.

"Inna, Kawu ne fa," in ji shi. "Har ofis ya same ni, ya riƙe mini hannu a gaban mutane. Na ce a raina ni zan riƙa biyan hayar daga albashina, babu wanda zai sani."

"Albashi nawa ne da kai, guda nawa?"

Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Su biyun sun san albashin nan tun kafin ya iso ake rabonsa. Wannan yaron ne da ya taɓa dawowa daga makaranta ba takalmi saboda wani ya fi shi buƙata. Inna ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Halin da ta fi alfahari da shi a jikinsa shi ne yau ya kusa raba Agogo da ɗakinsa, alhali ko hannu ba a sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita Inna kuwa tsagar ce ta yi niyyar bai wa makulli.

Washegari ta sake hawa matakalar nan. Ta ba Lauya labari duka ba ta rage ba, ko da yake bai yi mata daɗin faɗa ba. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce yawancin mutane wanda suka fi so suke zaɓa, ko wanda suke jin kunyar tsallakewa, alhali aikin mai riƙon amana rabinsa ƙin yarda ne, kuma da dangi zai yi ta fama, ba da ɓarayi ba.

"Hajiya, ki bar batun so," in ji shi. "A duk gidanku, wa ya taɓa duban idonki ya ce miki a'a?"

Ta ce babu. Ta tattara ƙyallenta ta miƙe. Tana kan matakala ta bakwai ta tsaya, domin akwai, kuma ta daɗe da sanin ko wace ce.

Matar Yaya Babba malamar firamare ce, Malama ake ce mata. Shekara shida da suka wuce ita ta samo wa Inna aikin ɗinka rigunan makarantarsu, riga ɗari da ashirin. Inna ta ɗinka ta goge ta jera. Yaya Babba ya ce sun yi kyau, Auta ta gani a hoto ta ce sun yi kyau, mata biyu masu koyon ɗinki a shagon su ma suka ce sun yi kyau. Malama ta zo ɗauka, ta ɗaga riga ɗaya, ta ɗaga ta biyu, ta ɗaga ta goma, ta ninke su ta ajiye. Ta ce kalmasar ta karkace, aljihun wani ya fi wani sauka, ba za ta kai su ba, kuma ba hannun Inna ne ya lalace ba, idonta ne, a je a ga likita. A gaban masu koyo ta faɗa.

An je an ga likita, aka tarar yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, aka cire. Ranar da aka kwance mata bandeji Inna ta ɗaga rigunan nan ta gani da idonta, ta rufe shago ta warware su ɗaya bayan ɗaya ta sake ɗinkawa. Makaranta ta karɓa har da yabo. Amma ba ta taɓa ce wa Malama ta gode ba. Tun daga lokacin tsakaninsu sai gaisuwa, ina kwana lafiya lau, kowa ya kama gabansa. In ana hira aka ambaci surukarta, Inna takan ce yarinyar kirki ce, sai dai bakinta ba shi da kalmasa.

Kwana biyu tana juya abin. Ta gaya wa kanta cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ranar Asabar da la'asar ta yafa mayafinta mai kyau ta tafi gidan ɗanta, ta zaɓi lokacin da ta san ba ya nan.

Ta sami Malama a falo da tulin littattafan yara da jan biro. Malama ta miƙe da sauri, ta rusuna ta gaishe ta, ta kawo ruwa, ta zauna a ƙasa tana jiran ta ji laifin da ta yi, domin Inna ba ta taɓa zuwa haka kawai ba. Inna ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta faɗi batun amanar, ta faɗi batun Kawu, ta ce so take Malama ta riƙe.

Malama ta ɗago kai ta dube ta.

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

Inna ta ji wani abu ya taso mata, rabi haushi rabi dariya. Ta ce, "Ai saboda wannan bakin na zo. Faɗi dalili."

Malama ta ce mijinta ne babba a gidan, in aka tsallake shi aka ba matarsa, dangi za su ce ta shanye shi ta ƙwace gidan uwarsa, shi kuma zai ji ciwo ya haɗiye bai faɗa ba, kamar yadda ya saba. Ba za ta sayi amana da mutuncin mijinta ba.

"Ɗana ki bar ni da shi," in ji Inna. "Ni na haife shi, ni zan faɗa masa da bakina. In ya ji ciwo na fasa. Dangi kuwa, su za su yi ta magana ko kin riƙe ko ba ki riƙe ba."

Malama ta juya jan biron a hannunta. Ta ce in mijinta ya yarda da zuciya ɗaya, to, amma a rubuta cewa duk shekara Auta za ta duba takardun abin da ya shiga da abin da ya fita, don ita ma mutum ce. Sannan ta tambayi abin da Lauya ma bai tambaya ba, ta ce shi mai gidan an tambaye shi kuwa? Inna ta ce wane mai gida. Malama ta ce Agogo mana, ba don shi ake yi ba?

Da Inna ta miƙe za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ba ta juyo ba. Ta ce rigunan nan na makaranta, da gaske sun karkace. Malama ta ce ta sani, Inna. Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, ya kuma ishe su.

Yaya Babba ya fi ba ta tsoro. Ta kira shi ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta faɗa masa ba tare da ta shafa wa maganar mai ba. Ya dubi yatsun ƙafarsa, ta ga abin ya ɗan sosa shi, ta bar shi ya gama jin sosuwar. Can ya sauke numfashi, ya ce tun ranar da Kawu ya riƙe masa hannu abinci ba ya masa daɗi, domin ya san Kawu na farko ne kawai, akwai na biyu da na goma a hanya.

"Kin sauke mini dutse, Inna," in ji shi. "Ni da takardar filina ma a hannun Malama take, shi ya sa har yau nake da fili. Ke ce dai kika makara da ganewa."

Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, marar kunya. Ya fita yana dariya, ta bi bayansa da kallo, ta ji ƙirjinta ya cika. Ba kowane namiji ne zai san iyakarsa ya kuma faɗe ta da bakinsa ba.

Agogo kuwa a gindin gwaba suka same shi, ita da Malama, suka jira ya gama ban ruwa don ba a katse shi. Inna ta yi masa bayani da gajerun kalmomi: ɗakinsa nasa ne har abada, amma ana son wanda zai riƙa tsare masa, Yaya ko Malama. Ya ajiye bokiti a inda yake ajiye shi kullum, ya yi tunani sosai.

"Malama," in ji shi. "In ta ce ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu take zuwa. Yaya sai shida."

Ranar sa hannu su huɗu suka hau matakalar, Auta kuma tana kan waya. Lauya ya miƙo biro, Malama ta ce tukuna. Ta karanta shafi goma sha ɗaya tana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa, ta tsaya wuri uku ta yi tambaya, ta sa aka ƙara layi ɗaya cewa ba za a fasa ko a sauya ɗakin Agogo ba sai in likita ya ce lafiyarsa ta buƙaci haka. Lauya ya share sanƙonsa, ya ce da duk masu riƙon amana haka suke da ya daɗe da komawa noma. Ya kuma gargaɗe su cewa takardar nan ita kaɗai fanko ce sai an je ofishin filaye an juya sunan gidan zuwa amanar, mutane da yawa a nan suke sakaci. Malama ta nemi izini a makaranta, ta yi sintiri uku a ofishin filaye, ta bi layi, har takarda ta fito da hatimi.

Kawu bai ji labari ba, ko kuma ya ji ya ɗauka wasa ne. Wata Asabar da safe ya iso da magini da guduma. Ya tarar da Malama a tsakar gida tana taya Inna shanya. Ta rusuna har ƙasa ta gaishe shi, ta ɗauko masa kujera, ta kawo wa maginin ruwa. Sannan ta faɗa masa cikin ladabi cewa shagon yana nan in yana so, a kan hayar da mai tabarau yake biya, da yarjejeniya a rubuce kamar kowa. Bango kuwa ba za a taɓa shi ba.

Kawu ya yi dariya, ya ce 'yar nan ba da ke nake magana ba. Ya kira Yaya Babba a waya, Yaya Babba ya ce wallahi Kawu abin ya fi ƙarfinsa, yana hannun hukuma. Sai ya juyo wurin yayarsa, ya tuna mata nonon da suka sha, ya ce ta sa baki.

"Ni ma nan da ka gan ni zama aka ba ni," in ji Inna. "Gidan ba nawa ba ne yanzu. Ga mai shi can a bakin ƙofarsa, ga mai riƙe masa."

Kawu ya gwada lallashi, ya gwada fushi, ya ce wata shida kawai, ya ce wata uku. Kowane karo Malama takan ce ya yi haƙuri, Kawu, ba nata ba ne balle ta bayar. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Maginin ya gaji ya saɓa gudumarsa ya ce yana da aiki a wani wuri.

A bakin ƙofa Kawu ya tsaya, ya rage murya, ya tambayi Inna wace irin suruka ce Allah ya haɗa ta da ita haka.

"Allah ya haɗa, ni kuma na zaɓa," in ji ta. "Ka gaida gida. Ka zo ranar Juma'a mu ci abinci, wannan ba a hana ka ba."

Ya tafi yana ƙunƙuni, ta san zai zo, domin Kawu bai taɓa fushi da abinci ba. Da ta dawo tsakar gida ta tarar Agogo ya saki dogaran ƙofar, ya shiga ɗakinsa ya bar ƙofar a buɗe, tana jin sa yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Malama ta koma kan shanya kamar babu abin da ya faru. Inna ta zauna a kujerar da Kawu ya tashi, ta miƙe gwiwoyinta a rana, ta ce wa surukarta in ta gama ta zo ta zauna kusa da ita, shanya ba gudu za ta yi ba.